Bambanta Dawowar Ƙarin Ƙwaƙwalwa Da Tabon Magani

Wanda aka yi wa fiɗar ƙari a ƙwaƙwalwa, aka bi shi da gashi da magani, likita kan sa shi ya riƙa komowa ana ɗaukar hoton kansa. Wani lokaci hoton ya nuna wani abu ya taso a gurbin ƙarin, hankalin iyali ya tashi, su ce cuta ta dawo. Amma ba kullum ne haka ba.

Dalili kuwa shi ne, gashi yakan raunana ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Ruwan da akan yi wa majiyyaci allurarsa don hoto ya fito sarai sai ya yoyo ta cikinsu, wurin ya yi haske tamkar ƙari. Wannan yakan faru cikin wata 3 na farko bayan gashi, musamman ga wanda aka haɗa masa da maganin temozolomide, wanda aka tabbatar da amfaninsa a 2005. Sau da yawa kumburin kan lafa da kansa. Akwai kuma mutuwar naman da gashi ya taɓa, wadda kan bayyana bayan watanni ko shekaru. Saboda haka ne a 2010 masana suka tsara ƙa'idar RANO, cewa cikin mako 12 na farko ba a yanke hukuncin dawowar cuta da hoto kaɗai, sai in abin ya fito wajen inda aka gasa, ko an gwada naman.

Hoton CT, wanda aka fara ɗaukar majiyyaci da shi a Landan a 1971, yana nuna kumburi da zubar jini. MRI ya fi shi fayyace ƙwaƙwalwa, kuma da shi akan auna yawan jinin da ke ratsa wurin: ƙari mai rai yana jawo jini da yawa, mataccen nama kuwa kaɗan. Akan kuma auna sinadarin kolin, wanda ke ƙaruwa inda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Hoton PET yana nuna wurin da ke cin sukari da yawa. In shakka ta ƙi gushewa, sai a sake hoto bayan 'yan makonni, ko a yanko ɗan nama a duba.

Kuskure a nan yana da tsada. In aka ɗauki tabo ƙari ne, sai a daina maganin da ke aiki, ko a sake fiɗa a banza. In kuwa aka ɗauki ƙari tabo ne, cuta ta sami sarari.

Mutumin Sangere ko Jimeta da aka yi wa gashi a Shika ta Zariya ko Asibitin Ƙasa na Abuja, sa'an nan ya komo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, lalle ne ya riƙe dukan hotunansa na da, da takardar da ta nuna ranar gama gashi. Da su likita zai gwama sabon hoto. Kada a yanke shan maganin kumburi farat ɗaya ba da izinin likita ba. Matsanancin ciwon kai, amai, farfaɗiya, ko mutuwar ɓarin jiki, duk wanda ya bayyana, a garzaya asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka ɗiba.