Amsoshin Tambayoyinku: "Kusan Rabi" da Turanci

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a nan Zuru. Na zanta da manoma 50, na tarar 27 daga cikinsu dawa suka shuka, sai na rubuta "almost half". Malaminmu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashi. Ina kuskurena?

Amsa: 'Yata, malaminki na da gaskiya, amma ba ke kaɗai wannan tarko yake kamawa ba. Kalmar "kusan" ce ta yaudare ki. A bakinmu takan tsaya wa abin da bai kai ba, wani lokaci har da wanda ya ɗan gota. Bature kuwa ya raba su. "Almost" da "nearly" na abin da bai cika ba ne, kamar mudun da aka auna bai yi tozo ba. Rabin 50 shi ne 25, ke kuma 27 kika samu, ashe kin haye. Abin da ya dace shi ne "just over half", wato rabi da ɗan ɗoriya.

In ba ki son nuna ko ya kai ko ya wuce, ɗauki "about" ko "roughly", daidai da kimanin ko wajen. Ga kuma "approximately", mai rawani ce, a rubutun makaranta ta fi zama.

Gwada da gida. Jihar Kabi na da ƙananan hukumomi 21, huɗu daga ciki a masarautar Zuru suke: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu. Huɗu cikin 21 ya yi ƙasa kaɗan da ɗaya bisa biyar, abin da ake kira humusi. Sai ki ce "just under a fifth". Kin ga ba baƙon lissafi ba ne, mu ma muna cewa ashirin ba ɗaya.

Ki kula da "most", wato akasari. Kodayake 27 sun fi rabi, ni ba zan sa ta a nan ba, don mai karatu zai zaci rinjayen mai yawa ne. Kada kuma ki rubuta "almost farmers", kuskure ne da na sha gani a takardun ɗalibai. "Most farmers" ake cewa, ko "almost all farmers" in saura ƙiris su cika duka.

Tunda kin ƙirga mutanenki da kanki, sa ainihin adadin, 27 cikin 50, kusa da jimlar.