'Ya'yan Gari Ɗaya, Makarantu Dabam Dabam

Darasinmu na wannan wata ya fito daga arewacin Ingila, daga garuruwa uku, watau Oldham da Burnley da Bradford. Dā garuruwan masaƙu ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutane da yawa suka zo aikin saƙa daga ƙasashen da a ke ce da su Pakistan da Bangladesh yau. Da masaƙun suka mutu, aiki ya yi wuya, talauci ya kama Turawa da baƙi duka, kowa yana zargin maƙwabcinsa. Tsakanin Mayu da Yuli na 2001 tarzoma ta tashi, samari suka yi ta faɗa da juna da 'yan sanda, aka ƙone motoci da kantuna.

1. Tushen abin

Gwamnati ta sa Ted Cantle ya shugabanci bincike, rahotonsa ya fito a Disamba 2001. Ya tarar jama'un nan suna gari ɗaya, amma hanyoyinsu ba su gamuwa. Unguwa dabam, wurin sujada dabam, makaranta kuma dabam, gama yaro ya kan shiga makarantar unguwarsu. Yaro ya iya girma bai taɓa yin aboki daga wancan gefe ba. Abin da ya sani game da su jita-jita ce, jita-jita kuwa ita ce abincin tsoro. Rahoton ya shawarci makarantun Ekklesiya da na sauran addinai su ba 'ya'yan waɗansu addinai gurbi ɗaya cikin huɗu.

2. Abin da aka yi

Dokar ilimi ta 2006 ta ɗora wa makarantun gwamnati a Ingila nauyin ƙarfafa zaman tare, daga Satumba 2007. Dokar daidaito ta 2010 kuma ta tattara dokokin da suka hana nuna bambancin launi ko kabila. A Bradford aka haɗa makarantu biyu biyu, domin yaransu su riƙa ziyartar juna. A Oldham aka yi abin da ya fi wannan wuya. Makarantar Breeze Hill kusan dukan yaranta 'yan asalin Asiya ne, ta Counthill kuwa kusan duka Turawa. A 2010 aka mai da su makaranta ɗaya mai suna Waterhead, a 2012 suka koma gini ɗaya.

Masana daga Jami'ar Oxford suka bi yaran Oldham shekara da shekaru. Suka ga tsoron juna yana raguwa inda yara su ke gauraye. Gani ya kori ji. Amma suka lura kuma, lokacin cin abinci yawancin yara su kan koma su zauna da irinsu. Ashe rufi ɗaya bai isa ba.

3. Sharuɗa huɗu

Tun 1954 wani masani Ba'amurke, Gordon Allport, ya nuna cuɗanya ta fi kashe ƙiyayya in an cika sharuɗa huɗu. Na fari, a ɗauki yaran daidai wa daida. Na biyu, su kasance da buri ɗaya. Na uku, su yi aikin tare, ba gasa tsakanin jama'a da jama'a ba. Na huɗu, manya su goyi bayan abin a fili. Malamin da ya raba 'yan ƙwallo bisa ga kabila ya rushe na uku. Wanda ya ji an zagi yaro saboda asalinsa ya yi shiru, ya rushe na huɗu.

4. Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa, kada mu ce labarin Turai ne kawai. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, mutane da yawa suka ƙaura zuwa unguwar masu addininsu, makarantu kuwa suka bi unguwanni. Da yawa daga cikinmu malamai ne, ko iyaye, ko 'yan kwamitin makarantun Ekklesiya. Bari mu duba littafin sunayen yaranmu, mu ga ko su wa ba su ciki. Mu gauraya yara a benci, da wajen shara, da ƙungiyar ƙwallo. Mu nemi wata makaranta a ƙetaren gari mu ƙulla zumunci da ita. Mu kuma tsare bakinmu a gida, gama abin da yaro ya ji a gindin murhu shi ya kan kai aji. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa haɗa yara cikin gini ɗaya bai isa ba?
2. Cikin sharuɗan nan huɗu, wanne ne makarantar garinmu ta rasa?
3. Wace makaranta za mu fara ziyarta kafin ƙarshen zangon nan, wa kuma za mu aika?