Yadda Ake Tsarkake Ƙasar Da Baƙin Mai Ya Gurɓata

Gabatarwa

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa kai babur gyara a nan Keffi ya ga yadda ƙasar gareji take komawa baƙa ƙirin, ko ciyawa ba ta tsirowa. Ni kaina ban damu ba, sai ran da na ga ruwan sama ya kwashi dagwalon ya bi kwata, ga kuma rijiyar mutane a kusa, ga kogin Antau a gangare. Wannan ya sa na ga ya dace mu ɗan yi nazari a kai.

Illar Baƙin Mai

Man da aka juye daga inji yana toshe ƙofofin ƙasa, ya hana iska da ruwa shiga. Haka kuma yana ɗauke da sinadarai masu jawo ciwon daji, waɗanda kan tsiyaya har su kai ga ruwan rijiya. Abin da ɗanyen mai ya yi wa ƙasar Ogoni ya ishe mu darasi. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano sinadarin benzin a rijiyoyin Ogale ya ninka ƙa'ida sau 900, ya kuma ƙiyasta cewa gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30.

Hanyoyin Tsarkakewa

1. Kwashe ƙasar a gasa ta cikin na'ura mai tsananin zafi. Wannan hanya tana da sauri, sai dai tsada.

2. Amfani da ƙwayoyin bakteriya. A cikin ƙasa akwai waɗanda mai ne abincinsu, amma suna bukatar iska da laima da taki. Don haka sai a kaftu ƙasar, a cuɗa ta da kashin kaji ko na shanu, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa duk mako. Aikin yakan ɗauki watanni.

3. Dasa ciyawa mai dogon saiwa, irin su jema, domin ƙwayoyin kan yawaita a jikin saiwar. Kada a ba dabbobi wannan ciyawa.

Sai dai a kula, bakteriya ba sa cin dalma da sauran ƙarafan da ke cikin baƙin mai. Saboda haka kada a yi gaggawar shuka alayyafo ko tumatir a wurin sai masana sun auna ƙasar.

Kammalawa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Idan bakanike ya dafe wurin aikinsa da siminti, ya tara man a jarka maimakon zubarwa, ya tsare rijiyar maƙwabcinsa. Mu da muka san Hausa, mu ya kamata mu kai masa wannan bayani cikin harshen da yake ji. Allah ya sa mu dace.