Sabunta Wayarin Injin Tsohuwar Mota: Nazari Daga Hanyar Jibiya Zuwa Maraɗi

Gabatarwa

Hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Magamar Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi ta daɗe da sabawa da tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da J5 da Golf. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa da gwamnatin tarayya ta yi daga Janairun 2017, da rufe iyakar a Agustan 2019 da kuma Agustan 2023, sun ƙuntata wa direbobin yankin. Wanda abin hannunsa ya ragu ba ya zancen sabuwar mota, sai dai lallaɓa wadda yake da ita. Wannan maƙala ta dubi yadda mai mota zai sabunta wayarin injinsa da kansa, da kuma inda haɗarin aikin yake.

Musabbabin Lalacewar Waya

Zafin inji da na bazara su ke busar da robar da ta lulluɓe waya har ta tsattsage, baƙin mai kuma ya jiƙa ta, jijjigar hanya ta goga ta a jikin ƙarfe. Da yake gangar jikin mota ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma batir, duk wayar da ta kware ta taɓa ƙarfe sai ta yi tartsatsi. A motar da ke ɗauke da jarkokin fetur, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Yadda Ake Aikin

Tsohuwar mota mai kafireta ba ta da kwamfuta, saboda haka wayoyinta na biyuwa da ido: daga batir zuwa sitata, daga altaneta zuwa batir, daga makunni zuwa kwayil. Ana fara cire kan batir mai alamar ragi. Daga nan a riƙa sauya waya ɗaya bayan ɗaya, kada a tuge su gaba ɗaya a rasa mafari. Motocin Jamus suna sauƙaƙa wannan, domin wayar da ke zuwa gangar jiki ruwan ƙasa ce, mahaɗai kuma suna da lamba: 30 daga batir, 15 daga makunni, 50 zuwa sitata.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Batir bolt 12 ne kawai, shi ya sa ake raina shi, alhali sitata kan ja fiye da amfiya 100 yayin tayar da inji. Siririyar waya a gurbin mai kauri za ta yi zafi ta narke. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif shi ma yakan saki ya ɗau zafi. A matse shi da maɗauri ko a like da dalma.

Mafi muni shi ne ɗabi'ar ɗaure fiyus da zaren waya idan ya ƙone. Aikin fiyus ya tsinke kafin waya ta kama wuta, kuma yawan ƙonewarsa alama ce ta waya ta kware a wani wuri. Mai ɗaure shi bai gyara komai ba, ya dai mayar da wayarin duka ya zama fiyus. Idan an sa sabo mai lamba daidai ya sake ƙonewa, aikin ya wuce na mai mota, sai a nemi mai gyaran lantarkin mota da na'urar awonsa.