Kasuwar Tsofaffin Kaya Ta Portobello

A yammacin birnin Landan, cikin unguwar Notting Hill, akwai wata hanya da a ke kira Portobello. Ta sami sunanta daga wata gona da ke wurin a dā. Ita kuwa gonar an raɗa mata sunan Porto Bello, wata tashar jiragen ruwa a ƙasar Panama, wadda mayaƙan Ingila suka ƙwace daga hannun Sifaniyawa a 1739. Da fari kayan abinci aka fi sayarwa a bakin hanyar. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu dillalan tsofaffin kaya suka yawaita, har kasuwar ta yi suna.

Ran Asabar ce babbar ranar kasuwa. Tun da sassafe a ke baza agoguna, da tangaran, da littattafai, da tsofaffin kuɗi, da cokulan azurfa. Bisa al'ada, abu ba ya shiga sahun kayan dā sai ya shekara 100.

To, ina mai saye zai san shekarun abu? In ya dogara ga bakin dillali kaɗai, yana iya zuba kuɗinsa a kan jabu, gama ba kowane abu mai tsatsa ne tsoho ba. Mai hankali kayan ya kan tambaya, su kuwa ba su ƙarya.

Mu ɗauki misalin cokalin azurfa. Tun 1300 dokar Ingila ta ce a gwada azurfa, a buga mata tambari kafin a sayar. Juya cokalin, ka duba bayansa. In ka ga zaki yana tafiya, watau cikin kashi 1000 na ƙarfen, 925 azurfa ce tsantsa. Kan damisa yana nuna a Landan aka gwada shi, ƙugiyar tsai da jirgin ruwa kuwa Birmingham, inda aka buɗe gidan gwaji a 1773. Sa'an nan akwai harafi guda mai nuna shekara, abin da aka fara a Landan a 1478. Amma in ka ga EPNS, to, ruwan azurfa ne kawai aka zuba wa wani ƙarfe.

Ga darasi a nan ga mai shirin zama malami. Tarihi ba haddar sunaye ba ne, neman shaida ne. Ka nemo tsohon anini mai huji, ka miƙa wa yara. Su karanta sunan sarkin da ke jikinsa da shekarar da aka buga shi, su lissafa shekarunsa da kansu. Yaron da ya saba tambaya, "Ina shaida?" da wuya a cuce shi, ko a kasuwa ko a littafi.