Kada a Kunna Wutar Yaƙi Sai da Sanin Majalisa

Duk sanda rigima ta tashi tsakanin ƙasa da ƙasa, ba ka rasa mai cewa a teburin mai shayi: ai shugaba ya tura soja kawai a yi ta ta ƙare. Don irin waɗannan 'yan'uwa aka rubuta wannan takarda. Allah bai ba mutum ɗaya, komai girman rawaninsa, ikon jefa 'ya'yan mutane cikin halaka bisa ra'ayin kansa ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda wahayi ke saukar masa, ya yi shawara da sahabbai kafin Uhudu, ya kuma karɓi shawarar Salmanu ta haƙa gwalalo. To wane shugaba ne ya fi ƙarfin a tambaye shi?

Babban haɗarin da muke jan kunne a kai shi ne majalisar da ke ɗaga hannu cikin gaggawa, ba tambaya, ba bincike. Ku dubi Amurka. A watan Agusta na 1964 aka ba da labarin cewa jiragen ruwan Biyetnam ta Arewa sun kai wa jiragen yaƙin Amurka hari sau biyu a mashigin Tonkin. Kwana uku bayan labarin hari na biyu, majalisa ta ba Shugaba Johnson izinin ɗaukar duk matakin da ya ga dama. A Majalisar Wakilai 416 suka amince, babu ko ɗaya da ya ƙi. A ta Dattawa 88 suka amince, biyu kacal suka ce a'a, Wayne Morse da Ernest Gruening. Daga baya ta bayyana cewa harin na biyu ma bai auku ba. Amma da wannan izini aka kai sojan Amurka sama da 500,000 Biyetnam, fiye da 58,000 suka mutu, mutanen ƙasar da suka hallaka kuwa sun ninka haka nesa ba kusa ba.

Yaƙi kamar ƙunar daji yake a lokacin hunturu. Yaro ya ga gafiya ta faɗa rami, ya ƙyasta ashana a busasshiyar ciyawa, a ransa taku goma wutar za ta ci ta tsaya. Iska ta juya. Wuta ta kama karan gonar maƙwabci, ta tsallaka zuwa ga harawar da aka jibge a kan bishiya, ta isa bayan gari inda rumbuna suke, mata na gudu da tulu, maza na dukan harshenta da ɗanyen ganye, ita kuwa gafiyar tuni ta fice ta wata ƙofa. Shi ya sa a garin da ke da dattawa ba a cinna wa daji wuta sai an sanar da mai unguwa, an dubi iska, an share gefen gonaki. Majalisa ita ce dattawan nan. In ta miƙa ashanar da hannunta, wa za ta zarga?

Haka wutar yaƙin Biyetnam ta tsallaka zuwa Kambodiya. Daga Maris na 1969 Shugaba Nixon ya riƙa yi wa ƙasar ruwan bama-bamai a ɓoye, har ana sauya bayanan soja don kada a gane. Da ya sanar da tura sojan ƙasa a 1970, ɗalibai suka fito, aka harbe huɗu a Jami'ar Kent ta jihar Ohio ranar 4 ga Mayu. Matsin jama'a ne ya farkar da 'yan majalisa. Suka soke izinin Tonkin, suka toshe kuɗin kai hare-hare, sannan a Nuwamba 1973 suka kafa doka duk da Nixon ya ƙi sa hannu: shugaba ya sanar da majalisa cikin awa 48 da tura soja, ya kuma janye su bayan kwana 60 in ba ta amince ba. An yi gyara, amma bayan shekara tara ana binne gawa.

Mu ma muna da irin wannan shinge. Sashe na 5 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana shugaba shelanta yaƙi sai majalisun biyu sun amince a zama ɗaya, ya kuma hana tura soja fagen fama a waje sai da yardar Majalisar Dattawa. An ga amfaninsa a Agusta 2023, da ECOWAS ta yi barazanar shiga Nijar da ƙarfi: sanatoci suka ce a bi hanyar sulhu, malamai suka tafi Yamai, mutanen kan iyaka daga Kabi zuwa Barno suka ɗaga murya.

Amma kai da ka sayar da ƙuri'arka kan taliya da sabulu, ko sunan sanatanka ba ka riƙe ba, kada ka yi tsammanin kullum haka za a dace. Ɗanka ne za a sa wa kaki, ba nasa ba. Wannan sakaci ne, kuma za a tambaye ka.

Sauran a taƙaice. In za a yi zanga-zanga a yi ta cikin lumana, ba ƙona taya, ba fasa shago. A daina yaɗa jita-jitar yaƙi a Facebook da WhatsApp. 'Yan jarida su riƙa buga yadda kowane ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'a, limamai su faɗakar a huɗuba, ƙungiyoyin gari kuma su rubuta wa wakilinsu takarda su kai ofishin mazaɓa, su karɓi shaidar an karɓa.