ƊASHEWA: FARIN DA BA NA LAFIYA BA



Idan Bahaushe ya ce wane ya ɗashe, ba yabon haske yake yi ba. Nufinsa jinin jikin mutum ya ja baya, fuska ta yi fari fat kamar an yayyafa mata toka. Ba a faɗin haka ga wanda Allah Ya halitta fari, kuma ɗashewa daban take da shawara, wadda ke mayar da ido ruwan ɗorawa. Likitoci kuwa ƙarancin jini suke cewa.

A baƙar fata ba kullum fuska ke nunawa ba. Don haka ka ja fatar ƙasan idon yaronka ka duba cikinta, ka duba dasashi, harshe da tafin hannu. Na mai lafiya ja-ja ne. In ka ga sun yi fari, ga kasala, ga haki daga ɗan tafiya kaɗan, to an ɗashe.

Mutanen Kura, Bunkure da Kadawa, ku ne kan gaba a wannan magana. Ruwan Tiga da ke ba ku shinkafa da tumatir har da rani, shi ne kuma ke raya sauro da katantanwa. Zazzaɓin sauro yana farfasa ƙwayoyin jini. Tsutsar tsargiya kuwa daga katantanwa take fitowa, ta huda fatar mai wanka ko mai dashe a cikin ruwa, daga baya yaro ya riƙa fitsarin jini. Wai alamar balaga ce? A'a, jininsa ne ke tsiyaya a hankali.

Zogale, alayyahu, wake da hanta suna gina jini, musamman in an haɗa da lemon tsami ko ɗanyen tumatir. Shayi kuma a jinkirta shi bayan abinci, yana tare sinadarin ƙarfe. Amma fa zuma da habbatus sauda, duk da albarkarsu, ba sa kashe tsutsar tsargiya. Wannan aikin praziquantel ne, bayan an auna fitsari da jini a asibiti.

Mai juna biyu da ta ɗashe, tana haki ko jiri, kada a jira ranar awo, a kai ta yau. Haka ma ƙaramin yaro mai zazzaɓi da tafin hannunsa ya yi fari.